Shaƙuwar Zomo da Abin da Aikin Asibitin Dabbobi Ya Koya Mini

Shin zomo yana shaƙuwa? Eh, yana yi. Wannan ce amsa mafi sauƙi cikin duk abin da na koya a aikina na taimaka wa likitan dabbobi. Kowace dabba mai shayarwa tana da tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki, wanda numfashi ya dogara da shi. Idan tantanin ya zabura ba shiri, bakin maƙogwaro ya rufe nan take, shaƙuwa ke nan. Har ɗan da ke cikin mahaifa yana yin ta. Abin da ya ci mini lokaci shi ne koyon rarrabe shaƙuwa da abubuwan da suka yi kama da ita, domin a nan ne ake asarar zomaye.

Shaƙuwar zomo galibi ba ta da ƙara. Za ka gan shi zaune, ya naɗe ƙafafu a ƙarƙashinsa, kansa da kafaɗunsa suna ɗan zabura a kai a kai, hancinsa na motsi yadda ya saba, idonsa garau. Bayan ɗan lokaci abin ya wuce, ya miƙe ya koma kan ciyawarsa. An fi ganinta ga ƙanana, musamman bayan sun ci abinci da gaggawa. Wannan ba ya buƙatar magani.

Amma akwai wanda zai miƙe wuya, ya ɗaga haɓa sama, haƙarƙarinsa na shiga da fita da ƙarfi. Maigidansa zai ce shaƙuwa ce ta ƙi tsayawa, alhali iska yake nema. Zomo ta hanci kaɗai yake numfashi, don haka duk ranar da ka ga ya buɗe baki yana shan iska, kada ka jira gari ya waye. Lafiyayye yana numfashi sau 30 zuwa 60 a minti ɗaya idan yana hutawa, kuma na koyi ƙirga wannan daga nesa, tun kafin hannuna ya taɓa shi. Na kuma koyi juya ƙafafunsa na gaba in duba cikinsu. Da su yake share hanci, saboda haka idan gashin wurin ya cukurkuɗe ya bushe, akwai majina ko da hancin ya fito tas. Ƙwayar cutar Pasteurella na cikin masu jawo irin wannan mura, kuma takan gangara huhu.

Dalilin wannan bin diddigi kuwa shi ne halin zomo kansa. Dabba ce da aka saba farauta, ɓoye ciwo a jininta yake. Kafin ya nuna maka ya gaza, abin ya yi nisa. Ga shi kuma ba ya iya amai. Shi ya sa idan jikinsa na zabura, tambayata ta farko ga mai shi ita ce yaushe ya ci abinci, kuma yaya kashinsa yake. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, ko kashinsa ya ƙanƙance ko ya ɗauke, hanjinsa ne ke neman tsayawa, kuma wannan yana kisa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne a yi wa zomo maganin shaƙuwar mutane. Wallahi kada a firgita shi. Ƙashinsa ba shi da nauyi, ƙafafunsa na baya kuwa suna da ƙarfi ƙwarai, harbi ɗaya cikin tsoro na iya karya masa ƙashin baya. Kada kuma a ɗura masa ruwa, zai iya ƙwarewa ruwan ya shiga huhu. A ajiye masa ruwa da busasshiyar ciyawa, a rage hayaniya, a zuba masa ido.

Da wuya mu ga shaƙuwar da idonmu. Kafin a iso da zomo asibiti ta wuce, tsoron hanya kuma ya sa numfashinsa ya ƙaru, har ba ka iya gane yadda yake a gida. Saboda haka nake roƙon duk mai zomo, in ya ga zaburar nan, ya ɗauki bidiyo da wayarsa daga gefe, yadda hanci da baki da haƙarƙari za su fito, ya kuma lura da tsawon lokacin da ta ɗauka. Idan ta daɗe, ko tana yawan dawowa, ya kawo zomon tare da bidiyon.