Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Malamin da Ba Ya Nuna Fuska

Makon jiya na tsaya a inda na buɗe akwatin Baba bayan rasuwarsa, na ci karo da kundinsa. Rabinsa addu'o'i ne da nake iya karantawa, rabi kuwa hatimai da lambobi da ɗige-ɗige jere huɗu-huɗu. Yaya ya ce in rufe in ajiye, wannan ba hanyar da mace mai aure za ta bi ba ce. Ni kuma ba duba nake son koya ba. So nake in san abin da mahaifina yake raba dare yana rubutawa, tunda yana raye ban taɓa tambayarsa ba.

Malamin farko a Facebook na same shi. Rawani, dogon carbi, littattafai jibge a bayansa, mabiya dubbai, kowa na rubuta cewa buƙatarsa ta biya. Ina tura saƙo ya amsa. "'Yata, turo sunanki da na mahaifiyarki, da ranar haihuwarki, da hotonki." Ban ji komai ba, domin a kundin Baba ma na ga ana haɗa sunan mutum da na uwarsa a yi hisabi. Sai daga baya na tuna irin tambayar da banki ke yi ke nan kafin ya yarda kai ne mai asusu.

Ya iya sauraro, wannan kam ba zan hana shi ba. Cikin mako biyu na zazzage masa cikina a saƙon murya: saɓanin da ke tsakanina da maigidana, maganar da na taɓa faɗa a kan surukata cikin fushi, har abin da ko Mama ban gaya wa ba. Kundin da ya kawo ni kuwa kullum sai ya ce lokaci bai yi ba, sai an sayi turare, sai an yi sadaka. Ranar da na ce ba zan ƙara turo kuɗi ba, "'yata" ta ɓace daga bakinsa. Ya maido min da muryata guda ɗaya, ya ce ya san sunan mijina, kuma nemo shi ba wuya.

Daren nan ban rintsa ba. Da asuba na miƙa wa maigidana wayar, na ce ya saurara da kunnensa kafin wani ya jiyar da shi. An yi kwanaki gidan ba daɗi, amma makamin mutumin ya mutu a hannunsa. Ƙanwata ce ta nuna min wurin da Facebook ke bayyana ranar da aka buɗe shafi da sunayen da ya taɓa ɗauka. Shafin malam a da na sayar da takalma ne. Ta sa hotonsa a Google Lens, sai ga shi na wani dattijo ne a wata ƙasa, wanda bai san ana cin kasuwa da fuskarsa ba.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na yi wata biyar ban waiwayi zancen ba. Da na koma, a Telegram ne, da sunan aro, na ɓoye lambata. Can na tarar da wani da ke bayani a kan ilmin haruffa. Ba hoto, ba bidiyo, laƙabi kawai. Na rubuta masa da zafina: ya faɗa min sunansa na gaskiya, inda yake zaune, ya turo hotonsa, in ba haka ba shi ma ɗan damfara ne.

Ya yi kwana biyu kafin ya amsa. "Baiwar Allah, sunan da kika zo da shi na san ba naki ba ne, kuma ban nemi na gaskiyar ba. Ina da iyali da wurin aiki, mutane kuma ba sa bambanta mai nazarin tsofaffin littattafai da boka. Fuskata ba za ta tabbatar miki da komai ba. Tambaye ni abin da za ki iya bincikawa da kanki."

Maganar ta tsaya min a rai, domin fuska ce ta cuce ni da farko. Sai na ɗauko tambayar da ta daɗe tana damuna. Kowa ya san adadin Bismillahir Rahmanir Rahim 786 ne, amma Baba ya rubuta 1026, ba sau ɗaya ba. Malamin farko ya ce wai sirrin aljanu ne, sai na biya zai buɗe min.

Wannan kuwa cewa ya yi in ɗauko biro. Lissafin abjadi, wato ba kowane harafin Larabci adadinsa, iri biyu ne, na mutanen gabas da na ƙasashen Magrib, sun saɓa a haruffa shida. A na gabas sin 60 ne, a na Magrib 300, sadi ne ke riƙe da 60 ɗin. Bisimilla tana da sin guda ɗaya. Ƙara 240 a kan 786. Na ƙara, hannuna na rawa, 1026 ta fito. Ashe Baba bai yi kuskure ba, tsarin Magrib ya bi. Na kifa kaina a kan kundin na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Ban saki jiki nan take ba. Na tambaye shi hatimin nan mai gida tara, ya ce in tara kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zan samu 15, kuma 2 da 4 da 6 da 8 ne a kusurwoyi, wato adadin haruffan ba da dal da waw da ha, shi ya sa ake ce masa buduhu. Haka ne. Ɗige-ɗigen kuwa siffofin ramli ne, wato bugun ƙasa, guda 16, ya ce zai faɗa min sunayensu don in gane rubutun, amma ba zai duba min komai ba. Na ce wa ya karantar da shi? Ya ambaci malaminsa, bisa sharaɗin kada in yaɗa, ya kuma haɗa ni da wata ɗalibarsa bayan ya nemi izininta. Har yau ban san kamanninsa ba.

Da na ce zan ɗauki hoton kundin gaba ɗaya in tura masa, sai ya dakatar da ni. "Allah ya jiƙan mahaifinki, amma irin wannan kundi ba ya rasa sunayen mutanen da suka kawo masa damuwarsu. Amana ce. Ki bi shafi-shafi, duk inda kika ga suna ki rufe da takarda kafin ki ɗauka."

Na ce, "To, Allah gafarta Malam." Na zauna da almakashi da 'yan guntayen takarda ina rufewa. Wasu sunayen na san masu su, wasu sun rasu. A shafi na 41 na ga sunan Baba da na kakata, an ja layi, a gefe kuma sunan wata mace da na mahaifiyarta, an yi musu hisabin dacewar aure. Shekarar da ya rubuta a ƙasa, ina aji uku na firamare. Sunan ba na Mama ba ne.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.