Ruwan pompo ya kusa cinye min radiyata

Tun da na sayi wanga tsohon moton Honda, Transalp 600, hannun wani bawan Allah a Yamai ban taɓa wanke radiyatar ba, wato inda ruwan sanyaya inji ke hucewa, gaskiya ko tunanin ta ban yi. Mu nan Tawa mun saba da Kasea da Haojue da ire-irensu waɗanda iska ke sanyaya ma inji, kai dai ka yi bidanji ka zuba esansi ka kama hanya. To wannan shi mai ruwa ne, kuma ruwan ashe yana da nashi sha'ani.

Watan Afrilu ne abin ya faru, lokacin da zahi ke wuce 40 tun kahin azahar. Na taso daga Konni, na wuce Tsarnawa kenan na kama hanyar gida sai jar hitilar zahi ta kama, fanka na ta kuka ba tsayawa. Na faka gindin wata bedi na jira ya huce, don ko ni da ban san komi ba na san ba a buɗe busho, wato marhin radiyata, da zahi, ruwan na cikin matsi ne, in ya yi tsartuwa huskarka zai wanke. Da ya huce na ƙara ruwan leda biyu na lallaɓo har gida.

Washegari na kai shi garaji wajen wani dattijo da ya daɗe yana gyaran manyan motoci masu ƙafa biyu. Ya kwance bis ɗin ƙasan pompon da ke juya ruwa cikin inji, abin da ya zubo wallahi kamar ruwan gulbi farkon damana, ja-ja da laka da wani farin gari-gari. Ya dube ni ya ce ɗana, mi kake ba shi? Na ce Baba ruwa mana. Ya ce wane ruwa, na ce na pompo, ai mai shi na farko ma haka ya ce min yana yi, wai antijel, ruwan radiyata mai hana daskarewa, na ƙasar Turawa ne inda ƙanƙara ke zuba. Dariya kawai ya yi ya ce je ka gida ka leƙa cikin butar shayinka.

Kuma gaskiya tai. Duk mai dafa shayi da ruwan garin nan ya san farin abin nan da ke manne ma gindin buta, ƙasarmu ta Adar ƙasar farar ƙasa ce, ba banza anka kafa masana'antar siminti Malbaza ba. To wannan farin abin shi ne ke taruwa cikin hanyoyin radiyata, su kuwa sirara ne kamar tsinken tsintsiya, kaɗan ya ishe su toshewa. Ga tsatsa kuma, don ruwa tsura ba ya da abin da zai hana shi cin alminiyom da ƙarhe.

Sunan ne ya ruɗe mu. An ce antijel, mu kuwa ko cikin sanyin Janairu ruwan randa bai taɓa daskarewa ba, sai kowa ya ce ba namu ba ne. Alhali hana daskarewa ɗaya ne kawai cikin aikinshi. Antijel ɗin nan, wanda makanikai ke ce ma gilasiyol, wani sinadari ne mai suna gilikol anka gauraya da tataccen ruwa da magungunan hana tsatsa. In rabi da rabi ne sai sanyi ya kai wajen 37 ƙasa da sihiri kahin ya daskare, wannan bai dame mu ba, amma kuma ba ya tafasa sai wajen 107 ko 108 maimakon 100, in ka haɗa da matsin busho, wanda galibi za ka ga an rubuta 1.1 bisanshi, sai ya wuce 120. Shi ya sa bushon da robarshi ta mutu ma kaɗai yana iya sa moto ya dinga amai.

Wajen saye ne na sha wuya. Ka shiga shago ka ga kore, ja, shuɗi, ruwan hoda, mai shago ya ce ma jan ya hi ƙarhi, na kusa da shi ya ce a'a kore ne na asali. Launi rini ne kawai jama'a, kowane kamfani da wanda ya ga dama, wani bidon ma ruwa ne da rini ba komi ciki, in ka ga arha ta yi yawa ka aje. Abin dubawa rubutun bayan bido: ya dace da injin alminiyom, kuma babu sinadarin silikat ciki, don littahin Honda da kanshi ya yi kashedi cewa silikat na cinye abin da ke hana pompon ruwan inji yoyo. Sannan ka duba ko gaurayayye ne ko mai kauri. In mai kauri ne kar ka ce bari in zuba shi tsura don ya hi aiki, gilikol tsura bai kai ruwa ɗaukar zahi ba, sai ka ƙara ma kanka matsala. A raba shi biyu da tataccen ruwa. Nan ma a yi hattara, in ka ce a ba ka ruwan batir wani yaron shago asid zai miƙo ma, ka ce mishi tataccen, wanda ake ƙari da shi. Ni dai gaurayayye na sa anka aiko min daga Yamai cikin kar, bido biyu, hankalina kwance.

Wankin kanshi ba wani abin tsoro ba ne, lokaci kawai yake ci. Da sahe munka yi, inji da sanyi. Baba ya buɗe busho, ya zubar da tsohon cikin roba, ya cire ƙaramin tankin ajiya na gehe ya wanke shi daban don can laka ke kwanciya. Ya maida bis, ya cika da tataccen ruwa da ɗan binegar fari saboda farar ƙasar, munka tada inji har fanka ta kama, munka kashe, munka zauna shan shayi har ya huce, sannan anka zubar. Binegar ɗin ba a barin shi ya kwana ciki, shi ma yana cin ƙarhe. Daga nan ɗauraya da tataccen ruwa zalla, sau ukku munka yi kahin ya hito garau, ni har na gaji na ce Baba ai ya isa, ya ce kai kake da moto amma ni ke da aiki.

Yana cikin haka ya hura ma haƙarƙarin radiyata iska daga baya, ƙura da ƙwari da ƙaiƙayi sunka hito kamar an kakkaɓe tabarma. Duriti guda, wato tiyon roba da ruwan ke bi, ta kumbura ta yi laushi, anka canza ta.

Zuba sabon shi ne inda gaggawa ke ɓata aiki. Sannu-sannu yake zubawa yana matsa duritoci da hannu yana girgiza moton, kumfa na tasowa, don in iska ta maƙale ciki za ka ga radiyata cike amma inji na zahi. Kusan litar biyu ya sha. Anka tada shi busho buɗe na ɗan lokaci, ruwan ya sauka anka ƙara, anka ruhe, tankin gehe kuma anka cika shi tsakanin layi biyun. Kwana guda bayan nan na sake dubawa da sahe ya ɗan ragu, na ƙara, tun daga nan shiru.

Tsohon ruwan kuwa, musamman in akwai gilikol ciki, kar a watsa shi tsakar gida. Zaƙi gare shi kuma dahi ne, akuya ko kyanwa ko yaro ya sha ƙoda yake kashewa. Ragowar sabon ma na sa shi bisa inda ƴaƴana ba su kai, don launinshi sak jus.

Baba ya ce bayan shekara biyu in dawo a sake, ya rubuta watan da fenti cikin marhin gehe. Maƙwabcina mai dogon baro, shi ma nashi mai radiyata ne, na ba shi labarin duka ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce yaya jikka nawa ne bidon? Da na faɗa mishi sai ya ɗauki butarshi ya nuhi pompo.