Mako na 11: Na rage wa taya iska, tudun Tison ya bar ni na wuce

'Yan uwa abokan koyo, barkanmu da ganin ƙarshen damina. Mako biyu ke nan ban ce muku uffan ba. Ba lalaci ba ne, gwiwata ta dama ce ke warkewa, kuma za mu zo kan labarinta.

Ga waɗanda suka shigo cikinmu kwanan nan: kekena na gwanjo ne, a nan Ngaundere ta Kamaru na saye shi ƙarshen watan Agusta, ana tsaka da ruwa. Ya zo da siririyar taya mai faɗin milimita 28, na yi sa'a jikinsa yana da fili, ya karɓi mai 40. Burina tun ranar farko shi ne in tashi daga gida in kai bakin tafkin Tison ba tare da na sa ƙafa a ƙasa ba, kuma in kauce wa kwalta iya iyawata. Wanda ya san garin nan ya san dalili. Tun 1974 jirgin ƙasa a nan yake tuƙewa, duk kayan da za su wuce Garwa, Marwa ko Njamena sai an ɗora su a kan tirela. Mai keke a gefen tirela kuwa ɗan tsako ne a gindin turmi. Shi ya sa da na fita gari a hanyar Meiganga nake neman inda zan saki kwalta, in bi hanyoyin gonaki da burtalin shanu.

Sau uku ina zuwa, sau uku tudun ƙarshe yana sauke ni. Tafkin a bakin tsohon dutse mai aman wuta yake, dole ka hau kafin ka ga ruwa, ga burji a kwance kamar an watsa gyaɗa. Duk lokacin da hawan ya yi tsanani sai in miƙe tsaye a kan feda yadda na saba a kwalta. Ina miƙewa tayar baya ta fara juyawa a wuri ɗaya tana watsa tsakuwa, keke ya tsaya cik, ni kuma in dire ina haki. Na zargi ƙafafuna, na zargi shekaruna, har na fara tambayar kuɗin sabon keke.

A zuwa na uku ne ina zaune ƙarƙashin wani maje ina maida numfashi, sai ga wani dattijo ya turo tsohon kekensa ƙirar Phoenix da dami biyu na itace. Muka gaisa, ya jingine nasa, ya zo ya danna tayata da babban yatsa. Ko gezau ba ta yi ba.

"Ɗana, wannan ai ƙwallo ka hawo."

Na ce, "Baba, mai faci ne ya ce a cika ta sosai don ta yi gudu."

Ya ce, "Mai faci a gari yake zaune. Kwalta ce ke son taya mai taurin kai. Nan daji sai mai ladabi."

Ya tura kekensa ya tafi, ko sunansa ban tambaya ba. Da na dawo gida na ari famfo mai agogo na auna: bar 4.5 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya), gaba da baya. Abin da ke faruwa a bayyane yake in ka tsaya ka duba. Taya mai tauri ɗan wuri kaɗan take taɓa ƙasa, in ta haɗu da tsakuwa sai ta yi tsalle a kanta, kuma duk tsallen nan ƙarfin cinyarka ne ke tafiya sama maimakon gaba. Mai ɗan laushi kuwa lanƙwasawa take yi ta rungume tsakuwar, ta shimfiɗu, ta kama ƙasa.

Sai dai ni da zaƙewa. Na ce tunda ragi ne magani bari in rage da kyau, na saukar zuwa 1.8. Daɗi kamar a kan katifa, har na kai wani rafi mai duwatsu, na ji ƙarfen ƙafar keken ya daki dutse, ƙwas. Da na zaro tiyub sai ga huji biyu jere kamar saran maciji. In kun ga irin wannan kada ku ɓata lokaci neman ƙaya a cikin taya, ƙarfe ne ya datse tiyub a kan dutse saboda iska ta yi kaɗan. Yanzu na tsaya a 2.5 gaba, 2.8 baya. Nauyina kilo 68, wanda ya fi ni jiki ya ƙara kaɗan. Famfo mai agogo ya fi yatsa gaskiya, in ba yatsan Baba ba ne.

Abu na biyu giyar keken ce. Ƙaramin faifan gaba haƙora 34 gare shi, babban na baya 28. Kowane zagayen feda yana tura ni kusan mita 2.7, a kan tudu wannan kaya ne. Bakanike ya sa mini mai haƙora 34 a baya, yanzu zagaye ɗaya na feda zagaye ɗaya ne na taya, wato mita 2.2. Ku sani kafin ku saya: abin canza giyar baya na asali bai ɗauki babban faifan ba, sai da muka nemo mai dogon hannu, muka ƙara tsawon sarƙa. Wannan ya ci mini kuɗi fiye da faifan kansa, kuma da na tambaya tun farko da ban yi sawu biyu a kasuwa ba.

Asabar ta makon jiya na koma. Na fita bayan sallar asuba da rigar sanyi, don garin da ke sama da mita 1,000 a kan tudu ba ya wasa da sanyin Nuwamba. Da na iso gindin hawan na sauke giya tun kafin ƙafa ta fara nauyi, na zauna daram a kan sirdi, na sunkuyar da ƙirji wajen kan keke don kada tayar gaba ta ɗaga. Zaman nan shi ne rabin aikin, nauyinka ne ke danne tayar baya ta ciji ƙasa. Tafiyar hawainiya na yi, mai tafiya da ƙafa ma zai iya jerawa da ni muna hira. Amma ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba har na hango koren ruwa ta tsakanin itatuwa. Na yi hamdala, na ci dabino bakwai.

To, gwiwa. Murna ce ta ja mini. A gangarowa na saki keke, na shiga wata kwana da gudu, da na ga burji ya taru a gefe sai na damƙe birkin gaba ina tsakiyar karkata. Tayar gaba ta zame, sai ga ni a ƙasa, wando ya yage, jar ƙasa har cikin baki. Laifina ne tsaf. Birki kafin kwana ake kama shi, keke na miƙe, da hannu biyu a hankali. In ka shiga kwanar sai ka sassauta, fedar waje tana ƙasa ka taka ta, idonka a inda kake son fita. Ni dutsen da nake tsoro na ƙura wa ido, kuma wajensa keken ya nufa.

Wani abokina ya zo dubiya yana yi mini dariya, wai na ɗauko wasan Turawa. Da gaskiyarsa ta wani gefen. A jihar Kansas ta Amurka tun 2006 suke tseren mil 200 a kan burji, kuma a 2022 aka yi gasar duniya ta farko a Italiya. Na ce masa su nema suke yi su bar kwalta, mu kuwa burjin ne ya zo har ƙofar gida, kuma masu kawo itace da gawayi sun riga su sanin sirrinsa ba tare da giya ko ɗaya ba.

Kan burtali, magana ɗaya ce: hanyar shanu ce, mu baƙi ne. In garken gudali ya taho ina sauka, in ja keke gefe, in yi wa makiyayi sallama, in jira har ɗan maraƙin ƙarshe ya wuce. Kada ku kaɗa ƙararrawa, kada ku ratsa tsakanin saniya da ɗanta. Kuma kafin ku zauna hutawa a inuwa ku ɗaga kai, yankin nan na masu zuma ne, itatuwa da yawa akwai amya a rataye.

Sarƙa kuma, don Allah ku rabu da baƙin man inji. Shi da jar ƙura in sun haɗu dutsen wasa wuƙa ne, cinye haƙora suke yi. A wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, a bari ta bushe, a sa ɗigon mai marar kauri a kowace gaɓa, sannan a goge da tsumma har sai ta daina maiƙo a waje.

Lissafin ranar: kilomita 34, awa 2 da minti 50 har da faɗuwa, gorar ruwa biyu kuma ba su isa ba. Abin da ya rage mini yanzu gargada ce. In na yi minti goma a kanta yatsuna biyu na ƙarshe mutuwa suke yi, na sassauta riƙo, na lanƙwasa gwiwar hannu, na naɗa tsohon tiyub a ƙarƙashin kyallen kan keke, ya ragu amma bai tafi ba. Wanda ya shawo kan wannan a cikinku ya taimaka mini kafin Asabar mai zuwa, don in Allah ya yarda gangaren ruwan Vina na nufa, kuma hanyar da aka kwatanta mini ta bayan Wakwa an ce gargada ce zalla.