Laraba, 6 ga Nuwamba, 2024: Washegarin Zaɓe a Greensboro

Labarin ya tabbata ne daidai lokacin sallar Asuba, sa'ad da kafofin yaɗa labarai suka ba Donald Trump jihar Wiskonsin, wadda da ita ya haye adadin wakilai 270 da ake buƙata don zama shugaban ƙasa. Jiharmu ta Karolina ta Arewa da wakilanta 16 kuwa tun kafin tsakar daren jiya ta faɗa hannunsa. Bayan an sallame, jama'a ba su watse da wuri ba kamar yadda aka saba a ranar aiki, aka tsaitsaya a wurin ajiye motoci ana tattaunawa da Hausa da Zabarmanci da Larabci. Yawancin maganar a kan Gaza take, sai tsadar kayan masarufi, sai kuma fargabar waɗanda takardun zamansu ba su kammala ba. Wani dattijo ne kaɗai, wanda ya daɗe a ƙasar nan yana tuƙa babbar mota, ya taɓo abin da ya zame mini abin tunani yini guda. Ya dubi limaminmu ya ce, "Allah gafarta Malam, ni dai hannuna bai iya dangwala wa masu halatta zubar da ciki ba, ko me za su ba ni." Malam ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, Allah ya zaɓa mana mafi alheri," bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

A wurin aiki ina zaune kusa da wata Baturiya mai kimanin shekara sittin, mabiyar cocin Baptist ta Kudu. A wuyan rigarta kullum akwai wani ɗan ƙaramin ƙarfe mai siffar tafin ƙafafu biyu, bai kai girman farcen ɗan yatsa ba, kuma ta taɓa gaya mini cewa girman ƙafar ɗan tayi ke nan a mako na goma. Ranar Asabar takan yi aikin sa kai a wata cibiya ta coci inda ake raba wa mata masu juna biyu kayan jarirai, a kuma yi musu hoton ciki kyauta don su ga abin da suke ɗauke da shi kafin su yanke shawara. Na yi zaton zan same ta cikin murna yau, amma na tarar da ita a natse. Ta ce mini ba ta taɓa son halin Trump ba, ba za ta so jikokinta su yi koyi da bakinsa ko da tarihin aurensa ba, amma shi ne ya naɗa alƙalai uku a Kotun Ƙoli, Neil Gorsuch a 2017, Brett Kavanaugh a 2018 da Amy Coney Barrett a 2020, kuma da su aka soke hukuncin 1973 da ya ba mata damar zubar da ciki a duk faɗin ƙasar, a ranar 24 ga Yuni, 2022. Ta kawo misalin Sarki Sairus na Farisa, wanda ba ya bin addinin Isra'ilawa amma ta hannunsa suka koma ƙasarsu daga Babila. Wannan misali ya bazu a coci-cocinsu tun 2016, kuma shi ne yake ba mutum mai tsantseni irinta damar raba halin shugaba da aikin da take nema daga gare shi. Alƙaluman da aka tattara daga bakin masu fitowa daga rumfunan zaɓe sun nuna cewa kusan takwas cikin goma na fararen fata 'yan Ibanjelika, wato Kiristoci masu tsananin riƙo da Littafi Mai Tsarki irin 'yan cocinta, sun sake bin Trump, kamar yadda suka yi a zaɓuɓɓuka biyu da suka wuce.

Abin da ya fi ba ni mamaki game da wannan jama'a shi ne yadda matsayinsu yake sabo idan aka duba tarihi, ko da yake su suna ɗaukarsa tamkar tun fil azal haka yake. A 1971 babban taron cocin Baptist ta Kudu ya zartar da ƙuduri yana neman a bar ƙofar zubar da ciki a buɗe idan an yi fyaɗe, ko ɗan tayin yana da mummunar nakasa, ko lafiyar uwa tana cikin haɗari. A wancan zamanin ana kallon yaƙi da zubar da ciki a matsayin sha'anin 'yan Katolika. A 1976 'yan Ibanjelika da yawa sun zaɓi Jimmy Carter na jam'iyyar Democrat, domin ɗan Baptist ne mai koyar da Littafi Mai Tsarki ranar Lahadi. Sai a 1979 wani mai wa'azi, Jerry Falwell, ya kafa ƙungiyar siyasa ta Kiristoci masu ra'ayin riƙau mai suna Moral Majority, a 1980 kuma suka juya ga Ronald Reagan, kuma tun daga nan ba su waiwayo ba. Wasu masana tarihi suna cewa abin da ya fara haɗa kansu shi ne rigimar haraji a kan makarantun coci masu wariyar launin fata, batun ciki daga baya ya zo ya zama tuta. Na faɗa mata wannan a taƙaice, ta ce coci ma takan yi kuskure ta tuba, kuma ba ta ga abin kunya a nan ba. Ban ja da ita ba, domin amsa ce ta mai imani, kuma na san irinta a cikin namu.

Da lokacin cin abincin rana na zauna da wani abokin aikinmu baƙar fata, dattijon coci ne shi ma a wata majami'ar Baptist da ke gabashin gari. Littafinsu ɗaya da Baturiyar nan, waƙoƙin yabonsu da yawa ɗaya ne, kuma ya gaya mini ba tare da kwana-kwana ba cewa a ganinsa zubar da ciki zunubi ne, da 'yarsa za ta zo masa da wannan shawara da ya roƙe ta da hawaye ta fasa. Duk da haka Kamala Harris ya zaɓa, kuma motar cocinsu ce ta yi ta jigilar tsofaffi zuwa rumfa a ranar Lahadi lokacin zaɓen wuri. Ya ce a garin nan ne ɗalibai huɗu baƙaƙen fata suka zauna a kantin Woolworth a 1960 aka ƙi ba su abinci, kuma mahaifiyarsa ta girma a lokacin da yin rajistar zaɓe yake iya jawo wa mutum korar aiki. A wurinsa ayar da ke auna ɗan takara ita ce ta ciyar da mayunwaci, da tufatar da matsiraici, da ziyartar marar lafiya da ɗan kurkuku. Ya ce wanda yake kuka saboda jariri kafin a haife shi, ya kamata a ga hawayensa bayan an haife shi, wajen kuɗin asibiti da abincin makaranta. Na daɗe ina jin ana cewa addini ne yake raba ƙuri'un Amurka, amma waɗannan mutane biyu addininsu ɗaya, ɗarikarsu ɗaya, hukuncinsu a kan zubar da ciki kusan ɗaya. Abin da ya raba su shi ne wace ɓarna ce kowannensu yake ganin ba zai iya tsayawa gaban Ubangiji da ita a wuyansa ba, kuma tarihin gidan da kowa ya fito yana da hannu sosai a wannan lissafi.

'Yan Katolika su ma gaba kura baya sayaki suka samu kansu. A watan Satumba Paparoma Francis ya ce 'yan takarar biyu duk suna adawa da rayuwa, ɗaya ta hanyar korar baƙi, ɗaya ta hanyar kashe jarirai, ya bar wa kowa ya zaɓi mafi sauƙin sharri bisa lamirinsa. A 2020 sun rabu kusan biyu daidai duk da cewa Joe Biden nasu ne, bana kuwa fiye da rabinsu sun koma wajen Trump.

Sai dai sakamakon jiya yana da wani ɓangare da bai yi wa abokiyar aikina daɗi ba, kuma ina jin shi ne dalilin natsuwarta. A jiharmu, mutanen da suka ba Trump nasara su ne kuma suka kayar da ɗan takarar gwamna na jam'iyyarsa, Mark Robinson, ɗan asalin garin nan, wanda ya yi suna da zafafan kalamai a kan zubar da ciki daga mumbarin coci-coci, ko da yake ya amsa cewa shi da matarsa sun taɓa zubarwa a 1989. Josh Stein ya doke shi da tazara mai faɗi, kuma zai zama Bayahude na farko da ya mulki wannan jiha mai cike da majami'u. Gaskiya ne rahoton CNN na watan Satumba, kan munanan kalaman da aka ce ya taɓa rubutawa a intanet, ya yi wa Robinson illa fiye da komai, amma abin bai tsaya a nan ba. A jihohi goma an yi ƙuri'ar raba gardama a kan batun, kuma masu neman a kare damar zubar da ciki sun yi nasara a bakwai, ciki har da Misuri da Montana inda Trump ya lashe ba tare da wahala ba. A Fulorida sun samu kashi 57 cikin ɗari, suka faɗi kawai saboda dokar jihar tana neman kashi 60. Ma'ana, miliyoyin mutane sun shiga rumfa sun ce a bar mace ta yanke wa kanta hukunci, sannan a takarda ɗaya suka zaɓi mutumin da alƙalansa suka soke wannan dama. Tun da Kotun Ƙoli ta mayar da batun hannun jihohi, mai zaɓe ya samu wurin ajiye ra'ayinsa a kan ciki daban, ya kuma zaɓi shugaba saboda farashin ƙwai da man fetur da kan iyaka. Trump ya gane haka da wuri: a watan Yuli aka sassauta maganar haramci na ƙasa baki ɗaya a kundin manufofin jam'iyyarsa, daga baya ya ce zai hau kujerar na ƙi idan aka kawo masa irin wannan doka. 'Yan Ibanjelika sun yi gunaguni, amma ba su da wata ƙofar da za su ƙwanƙwasa, shi kuma ya san da haka.

Da daddare muhawarar ta biyo ni har cikin gida. Babbar 'yata, wadda take karatun aikin jinya, wannan ne zaɓen shugaban ƙasa na farko da ta kaɗa ƙuri'a, kuma ranta a ɓace yake. Ta kawo labarin Amber Thurman, matashiyar da ta rasu a Jojiya a 2022 bayan an yi jinkirin yi mata wankin mahaifa, wadda kwamitin jihar mai bin diddigin mutuwar mata masu juna biyu ya ce da an iya ceton ranta. Ta ce, "Baba, ni ba zubar da ciki nake karewa ba. Matar da ta yi ɓari tana zubar da jini ita ma irin wannan aikin ake yi mata, kuma idan likita yana jiran lauya kafin ya taɓa ta, wa zai amsa tambayar ranta?" Mahaifiyarta ta ce mata ta bi a hankali, rai ba abin wasa ba ne, kuma yawancin masu zuwa asibitocin nan ba ɓari ya kai su ba.

Na ɗauko musu hadisi na huɗu cikin Arba'una, na Abdullahi ɗan Mas'ud, wanda ya ambaci kwana arba'in sau uku kafin a aiko mala'ika ya busa rai. A kan wannan ne malaman Hanafiyya da yawa suka yi sassauci kafin kwana 120 idan akwai uzuri karɓaɓɓe. Mazhabarmu ta Malikiyya, wadda aka rene mu a kanta a Maraɗi, ita ce mafi tsanani, domin mashahurin zance a cikinta shi ne ba a fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko da kafin kwana arba'in. Amma idan ya tabbata ran uwa yana cikin haɗari, malamai suna gabatar da ita a kan ɗan tayin. Dokar jiharmu da ta fara aiki a Yulin 2023 ta tsaya a mako 12, da rangwame har mako 20 idan fyaɗe ne. Idan aka ɗora wannan a kan fiƙihu, sai a ga babu jam'iyyar da ta yi daidai da mu: ɗaya tana da mutanen da suke son haramci tun daga ranar farko ba tare da duba uzuri ba, ɗaya kuma ba ta son a ambaci iyaka ko zunubi sam. Shi ya sa nake ganin wannan batu bai taɓa zama sandar auna ɗan takara a wurin yawancin Musulmin Amurka ba. A 2000 manyan ƙungiyoyinsu sun goyi bayan George W. Bush, bayan yaƙin Iraƙi suka koma Democrat, jiya kuma a Dearborn ta jihar Mishigan, garin da Larabawa suka fi yawa, Trump ne ya zo na ɗaya, kuma kowa ya san Gaza da Lebanon ne suka jawo haka. Alhajin da ya yi magana da asuba yana nan, kuma irinsa suna ƙaruwa, musamman saboda abin da ake koya wa yara a makarantu game da jinsi, amma har yanzu ba su ne masu rinjaye ba.

Kafin in kwanta na saurari saƙon murya da taubashina ya bar mini a WhatsApp daga Katsina. Yana aiki da wata ƙungiya mai kula da lafiyar mata da yara wadda take samun wani kaso na kuɗinta daga Amurka, kuma tambayarsa ita ce ko wannan zaɓe zai taɓa su. Na amsa masa cewa zai iya taɓa su kai tsaye. Tun 1973 akwai dokar da Sanata Jesse Helms na wannan jiha tamu ya kawo, wadda ta hana amfani da kuɗin tallafin Amurka wajen zubar da ciki a matsayin hanyar tsarin iyali a ƙasashen waje. A 1984 gwamnatin Reagan ta ƙara wani sharaɗi, cewa ƙungiyar waje da ke karɓar tallafin ba za ta yi wannan aiki ko ta tallata shi ba, ko da da kuɗin da ta samo daga wani wuri. Bill Clinton ya soke sharaɗin a 1993, Bush ya maido shi a 2001, Barack Obama ya soke a 2009, Trump ya maido a 2017 ya kuma faɗaɗa shi zuwa kusan dukkan tallafin lafiya, Biden ya sake sokewa a 2021. Daga Clinton zuwa Biden, kowannensu a cikin kwanakin farko na mulkinsa ya sa hannu. Na ce masa su duba yarjejeniyoyinsu da abokan hulɗarsu tun yanzu, domin ranar 20 ga Janairu za a yi rantsuwa.