Zaman Auren Kirista a Manchesta, Inda Babu Dangi a Kusa

Ni 'yar Wusasa ce, kusa da Zariya, kuma a cikin ikilisiyar Anglika na tashi, a nan aka yi mini baftisma, a nan kuma aka ɗaura mana aure da maigidana. Aikin jinya ne ya kawo mu Ingila a shekarar 2022, ta hanyar bizar ma'aikatan lafiya da gwamnatin Birtaniya ta buɗe a 2020. Sunana ne a kan bizar, maigidana da yaranmu kuwa a ƙarƙashin takardata suka shigo, wato zamansa a ƙasar ya rataya ne a kan aikina. Kafin mu taso ba mu ɗauki wannan a bakin komai ba, domin hankalinmu yana kan jarrabawar Turanci da rajista da hukumar ma'aikatan jinya da kuɗin jirgi, amma da muka zauna sai muka gane cewa wannan tsari ya taɓa kusan kowane ɓangare na zaman aurenmu.

A gida maigidana malamin sakandare ne, mutum mai daraja a unguwa da kuma a majami'a, inda yake koyar da matasa Littafi Mai Tsarki. A Manchesta aikin da ya fara samu shi ne na dare a wani babban ɗakin ajiyar kaya, yana ɗora kwalaye har asuba. Ni kuma ina aikin awa goma sha biyu a asibiti, wani mako da rana wani mako da dare, albashina ne kuma yake biyan hayar gida. Dole muka tsara ayyukanmu yadda ɗaya zai kasance a gida idan ɗaya ya fita, saboda kuɗin renon yara a nan yana iya cinye albashin mutum, kuma babu kaka ko ƙanwa ko maƙwabciya da za a ce ta duba su. Sakamakon haka sai ya zama muna haɗuwa a bakin ƙofa, shi yana shigowa ni ina fita, gaisuwar ma a tsaye ake yin ta.

Abin da na fi jin rashinsa shi ne mutanen da suke riƙe da auren mutum ba tare da ya lura ba. A Wusasa idan miji da mata suka sami saɓani, kafin rana ta faɗi surukai sun ji, ko wata uwa daga Zumuntar Mata ta shigo da sunan gaisuwa ta zauna har sai ta ga fuska ta saki, idan abin ya yi nauyi kuma Rabaran da dattawan ikilisiya su kira ku. A da nakan ga kamar shisshigin ya yi yawa, yanzu kuwa na san irin nauyin da suke ɗauke mana. A nan ƙofa a rufe take, maƙwabci ba ya tambaya, kuma na ga gidajen 'yan Najeriya masu zuwa sujada kowace Lahadi da suka watse saboda matar ta fara gori da albashi da biza, ko mijin ya ƙi taɓa tukunya alhali matarsa ta kwana a tsaye a kan marasa lafiya.

Mun karanta Afisawa sura 5 tun a darasin shirin aure, kuma kamar yawancin ma'aurata a wurinmu mun fi riƙe ayar da ta yi wa mata magana a kan biyayya. A nan ne muka tsaya sosai a kan aya ta 21, wadda ta umarci masu bi su yi wa juna biyayya saboda Almasihu, da aya ta 25, wadda ta ɗora wa miji ƙaunar da take kai mutum ga ba da kansa. Maigidana da kansa ya ce mini wata rana: "Maman yara, in Ubangiji ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, ni wane ne da zan ce wanke kwanuka ya fi ƙarfina?" Tun daga lokacin shi ne yake yi wa yara wanka, ya kai su makaranta, ya kuma koyi tuƙa tuwon semo da miyar kuka da muke sayen garinta a shagunan kayan Afirka. Ni ma na ɗaukar wa kaina alkawari a gaban Allah cewa kalmar biza ba za ta taɓa fitowa daga bakina a lokacin fushi ba, kuma ba zan yanke shawarar kuɗi ba tare da shi ba. Asusu ɗaya muka buɗe, daga ciki muke fitar da zakka da baiko, sannan abin da za a aika wa iyayensa da nawa, a rubuce, domin kada wani ɓangare ya ga an fifita ɗaya.

Batun sujada ma ya zo da nasa gwajin. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa kashi 46.2 cikin ɗari ne kawai na mutanen Ingila da Wales suka kira kansu Kirista, karo na farko da adadin ya gaza rabi, kuma mutum yana ganin haka da idonsa ranar Lahadi, lokacin da kantuna suke cike, majami'u da yawa kuwa sai tsofaffi. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, domin daga ƙasar nan ne su Dokta Walter Miller suka tashi suka kai mana bishara Zariya, kuma da hannunsa a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Mun zaɓi wata ƙaramar majami'ar Cocin Ingila da ke unguwarmu, inda ake gama sujada cikin kusan awa ɗaya, babu tulu babu caki, babu rawar kai baiko. Da farko na ji wurin da sanyi, amma waɗannan tsofaffin ne suka kawo mana barguna da rigunan sanyi na yara a hunturunmu na farko, wata dattijuwa kuma ta zauna da ni ta bayyana mini yadda ake cike takardun makaranta. Da maigidana ya nemi taimakawa a makarantar Lahadi, sai da aka binciki tarihinsa kamar yadda ake yi wa duk mai aiki da yara, kuma bai ɗauki abin a matsayin raini ba, ya ce kāre yara aikin ikilisiya ne.

A wurin aiki an koya mana cewa ma'aikaciyar jinya ba ta cusa wa mara lafiya addininta, kuma na yarda da hikimar hakan, domin wanda yake kwance ba shi da ƙarfin cewa a'a. Saboda haka a zuci nake yi wa marasa lafiyata addu'a, idan wani ya nemi mai yi masa addu'a kuma sai in kira limamin asibiti na addininsa. Yawancin Lahadin da aiki ya faɗo mini ba na samun Jibin Ubangiji, wannan kuwa yana damuna har yanzu.

Addu'ar iyali da muka saba yi da asuba a gida ba ta yiwu ba a nan, don haka muka mayar da ita ƙarfe shida na yamma, kafin mai aikin dare ya fita. A watan Disamba rana takan faɗi tun kafin ƙarfe huɗu, yara sun gaji, mu ma mun gaji, amma muna karanta 'yan ayoyi da Hausa, mu rera waƙa ɗaya daga littafin waƙoƙin da na taho da shi, domin Turanci ya riga ya fara rinjayar bakin yaran kuma muna so su iya yin addu'a da kakanninsu. Ranar Asabar kuma mukan kira Mama, surukata, ta waya, ta tambayi jikokinta ayar haddar makon, sannan ta tambaye ni ko ɗanta yana kyautata mini, ta tambaye shi ko ina samun barci bayan aikin dare.