Tarihin Rayuwata, kashi na 7: Gonar fadama

Makon jiya na tsaya a rasuwar Baba. Damina ce ta 1984, shekarar canjin kuɗi, ruwa ya ɗauke gero na kan bunni. Ina da shekara tara.

Inna ba ta fita takaba ba Baffa ya aiko aka kwance shanun noman nan biyu. Wai zai riƙe mana. Da aka yi arba'in sai ya sa yaransa a gonar fadama, wadda Baba ya sare da hannunsa. Mu biyar ne, ni kaɗai namiji. Ko ɗan makarantar allo ya san ƙanin mamaci ba ya cin gado matuƙar akwai ɗa namiji. Inna tumuni ne nata, saura namu. Duk garin sun san haka, kuma duk garin suka yi gum.

Wallahi har yau shirun nan ya fi ƙona mini rai a kan abin da Baffa ya yi. Mutanen sahun farko ne fa, waɗanda Baba ya sha ba su rancen iri. Su zo gaisuwa, su ce "Allah Ya ba da haƙuri", su kaɗe riga su tafi.

Kaka takan zaunar da Inna ta ce, "Ke dai yi shiru, hawayen maraya ba ya faɗuwa ƙasa." A lokacin haushin maganar nake ji, don ina ganin namu suna faɗuwa, a kan tuwon dusa ma kuwa. Sai da na girma na ji hadisin da Annabi (SAW) ya yi wa Mu'azu ɗan Jabal wasiyya sa'ad da zai tura shi Yaman, cewa ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, don babu shamaki tsakaninta da Allah. Ashe abin da tsohuwa take faɗa ke nan da Hausarta.

Mutum ɗaya ne ya motsa: malaminmu na allo, wanda ko akuya bai mallaka ba. Bayan la'asar ya miƙe a masallaci, Baffa na zaune, ya karanto ayar nan ta Suratun Nisa'i, cewa masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke zuba wa cikinsu. Ya ce, "Alhaji, taimakonka nake yi. An umarce mu mu taimaki ɗan'uwa ko shi ne azzalumin, ta hanyar riƙe masa hannu." Daga ranar aka janye yara kusan goma daga makarantarsa, sadakar Laraba ta yanke. Bai fasa ba.

Shekaru uku da suka wuce, da ciwo ya kwantar da Baffa, ya aiko a kira ni. Ya kama hannuna yana kuka. Na ce na yafe nawa, na Inna kuwa ba a hannuna yake ba, ta riga ta tafi. A hanyar dawowa maganar Kaka ce kawai ke yawo a kaina: ba ya faɗuwa ƙasa. Abin da ke damuna shi ne Malam ya rasu ina Legas neman kuɗi, ban taɓa ɗinka masa ko taguwa ba.

Da Inna ta cika wata huɗu da kwana goma, Malam ya sayar da buzunsa da wata tsohuwar alkyabba ya yi mana kuɗin mota zuwa gaban alƙali a Funtuwa. Yadda aka yi a can, da abin da mai unguwa ya faɗa da aka nemi shaidarsa, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.