Fastocin baje-kolin duniya a kasuwar 'yan gwanjon Faris

Buga fasta ce sana'ata a Kano, shi ya sa mai masaukina a Faris, wani direban tasi ɗan Maraɗi, ya ajiye motarsa ranar Asabar ya ce, "Malam, taso in kai ka inda za ka manta da abincin rana." Allah ya saka masa, aikin yini guda ya bari saboda ni.

Mun sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Porte de Clignancourt, muka taka zuwa kasuwar Saint-Ouen. Can cikin wani lungu akwai tsohuwa mai rumfar tsofaffin fastoci, kowace an manne ta a kan yadi don kada ta yage. Ta shimfiɗa mini ta baje-kolin 1937 da Jean Carlu ya zana: fuskar mace ta gefe, tutocin ƙasashe a bayanta, rubutu ɗan kaɗan. Na sunkuya har hancina ya kusa taɓa takardar. Babu ɗige-ɗigen nan da injinmu ke bari, launi ya kwanta sumul, domin a kan dutse ake zanen, kowane launi da dutsensa, takarda ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Mu a gida sai an cusa hoton ɗan takara da na ubangidansa da taken jam'iyya a takarda guda. Nan abu ɗaya aka faɗa, kuma daga tsallaken titi za ka gane shi.

Farashin ta asali kuwa, ko tayawa ban yi ba. Kwafi na saya a Yuro 20, ta rage mini biyu da kyar, amma ta naɗe shi da kyau kamar na sayi rumfar duka.

Sai ta ciro ta 1931, ta baje-kolin ƙasashen mulkin mallaka da aka yi a dajin Vincennes ƙarƙashin Marshal Lyautey. Fuskoki huɗu, akwai baƙar fata, akwai mai malfa irin ta mutanen Asiya, an rubuta wai ka zaga duniya a yini ɗaya. Zanen ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, kuma kyan ne ya fi ɓata mini rai. Mutane aka kwaso daga garuruwansu don a biya kuɗi a kalle su, aka sayar da tikiti sama da miliyan 30. Mai masaukina ya yi shiru, can ya ce, "Lokacin Nijar tana hannunsu." Turawan Ingila ma sun yi haka a Wembley a 1924, har da ganuwa irin ta Kano da masu sana'ar hannu daga Nijeriya.

Washegari muka je Palais de la Porte Dorée, ginin da aka yi don wannan baje-kolin. Bangon gabansa duk sassaƙe ne na Alfred Janniot, mutanen ƙasashen da aka mallaka suna ta aikin gona da dako. Yanzu gidan tarihin baƙin da suka yi ƙaura zuwa Faransa ne. A bakin tafkin Daumesnil rumfar Kamaru tana nan, ta zama wurin ibadar mabiya Buddha.

Palais de Chaillot, ginin da aka yi don baje-kolin 1937, a tsaitsaye na gan shi, ana yayyafi, ga cunkoson masu ɗaukar hoto. Shayin wurin tsada gare shi ƙwarai, ga shi ba madara.